Sa Hannu a Kan Aikin da Ba a Yi Ba

Idan lokacin fita koyon aiki ya zo, akan ga ɗalibai a Kontagora da wasiƙa a hannu, daga ofis zuwa garejin kanikawa, daga wurin masu walda zuwa shagon ɗinki, suna neman wanda zai karɓe su. Shirin da ke tura su shi ne SIWES, wanda hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta soma a 1973, shekara biyu bayan kafa ita hukumar a 1971. An fito da shi ne domin masu masana'antu suna kukan cewa waɗanda suka gama makaranta sun san littafi, amma hannunsu bai san aiki ba. Ɗalibin jami'a yakan yi wata shida, na kwalejin ilimi ko foliteknik wata huɗu. Akan ba kowa littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, mai wurin ya duba ya sa hannu.

A kan wannan littafi tambayar take. Sanin kowa ne wasu ɗaliban ba sa zuwa ko'ina. Yaro yakan zauna gida, in watanni suka cika sai ya cike shafuffukan a dare biyu, uba ya ɗauka ya kai wa wani mai hatimi, sau da dama ɗan'uwa ne a ikkilisiya. Shin wannan taimako ne, ko zunubi?

Iyaye suna da hujjarsu, ba kuwa ta banza ba ce. Wuraren aiki a gari kamar Kontagora ba su kai yawan ɗalibai ba. Kuɗin mota da na abinci daga aljihun uba suke fita, ga gona tana jiran hannu idan abin ya faɗo da damina. Akwai kuma masu wurare da ba sa koya wa yaro kome sai aike da shara. Uba yakan ce, "To, wa aka cuta?"

An cuci mutane, ko da ba a gan su ba tukuna. Wanda ya sa hannu ya shaida cewa yaron ya yi abin da bai yi ba, wannan kuwa shaidar zur ce, wadda Fitowa 20:16 ta haramta. Hatimin ofis ba ya sāke mata suna. Gobe wani zai ɗauki yaron aiki bisa ga wannan takarda, ya ba shi wayar lantarkin gida ko ajin yara arba'in. Amma wanda ya fi cutuwa shi ne yaron kansa. An tura shi ya koyi sammako, da jin gyara ba tare da fushi ba, da mayar da canji daidai, da faɗin gaskiya idan ya ɓata kayan mai gida. Waɗannan ne masu ɗaukar aiki suke nema, ba kuma a rubuta su a allo. Maimakonsu sai ya koyi darasi guda daga hannun mahaifinsa, cewa takarda tana iya tsayawa a madadin aiki. Darasin nan yana da wuyar mantawa.

Ko aiken da ake rainawa ma, a yi hankali da shi. A 2 Sarakuna 3 an gabatar da Elisha a gaban sarakuna a matsayin wanda ya yi wa Iliya hidimar zuba ruwan wanke hannu. Manzo Bulus, duk da karatunsa a wurin Gamaliyel, ya zauna da Akila da Bilkisu a Koranti suna ɗinkin alfarwa.

Sai dai wannan bai wanke mai wurin ba. Kirista mai gareji ko shago wanda ya karɓi ɗan wani wata huɗu, bai taɓa miƙa masa sifana ko almakashi ba, sa'an nan ya sa hannu cewa ya koyar, shi ma ya yi shaidar zur. Ikkilisiyoyin Kontagora kuwa ba su rasa kanikawa da kafintoci da teloli da malaman asibiti a kan bencinsu kowace Lahadi. Da dattawa za su rubuta sunayen masu iya karɓar ɗalibi kafin lokacin fita, da uban da ke yawo da littafin ɗansa ya sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa tun watan farko.