Sa'ad da Mai Bin Bashi Ya Ƙwanƙwasa Ƙofa

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7

Ɗan'uwa cikin Almasihu, ƙarshen wata ya zo, saƙon banki ya shigo wayarka cewa lokacin biyan kuɗin katin bashi ya yi, aljihu kuwa wayam. Kafin ka kai ga lissafi, zuciya ta riga ta fara tuhumarka: wane zunubi na yi? Ko bangaskiyata ce ta kasa? Ranar Lahadi ana ba da shaida ana tafi, kai kuwa wayarka tana kashe a aljihu, don kada masu bin bashi su kira.

Dubi matar da ke cikin karatunmu. Mijinta yana cikin ƙungiyar annabawa, mai tsoron Ubangiji ne, Elisha ma ya san haka. Duk da haka ya mutu da bashi a wuyansa, har mai bashin ya taso zai kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi. Nassin bai ɗora wa mutumin laifi ba. To, wa ya ba mu izini mu ce duk wanda ake bi bashi yana ƙarƙashin la'ana? Akwai bashin da kwaɗayi ya haifa, na sabuwar waya da ankon biki, wannan yana bukatar tuba. Akwai kuma na asibiti, na kuɗin makaranta, na buhun masara. Kai ka san irin naka. Zabura 37:21 ta kira wanda ya ci bashi ya ƙi biya mugu, amma wanda ya ƙi dabam yake da wanda ya kasa.

Abin da Elisha ya fara yi shi ne ya tambaye ta abin da take da shi a gida. Kai ma ka ɗauki takarda da biro. Rubuta wa yake binka, nawa, kuɗin ruwa nawa a wata. Mutane da yawa suna azumi a kan bashin da ba su san jimillarsa ba, gama suna tsoron buɗe saƙon. A ce ana binka naira 200,000, ruwan kuwa kashi 3 cikin 100 ne a wata. Naira 6,000 ke nan. In ka biya 8,000, naira 2,000 kaɗai ta fita daga uwar kuɗin. Shi ya sa mai biyan mafi ƙanƙancin abin da banki ya yanka yake shekara yana biya, bashin yana nan kamar an dasa shi. Ajiye katin, kada ka ƙara sayen ko ashana da shi. Bayan abinci da kuɗin haya, abin da ya ragu ka fi zuba shi a kan bashin da ya fi ruwa.

Gudu ba zai fisshe ka ba. Tun shekarar 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin da ke ba banki damar cire kuɗinsa daga asusunka na wani banki ta lambar BVN, don haka canza layin waya bai share komai ba, sai dai ya ƙara maka ƙarya a kan bashi. Je ka bankin da ƙafarka tun kafin su neme ka. Faɗa musu gaskiyar abin da za ka iya biya kowane wata, ka roƙa a tsawaita maka lokaci, abin da kuka shirya kuma a sa shi a rubuce. Kada ka ci bashin manhajar waya don ka toshe na banki. Ruwansu ya fi zafi, waɗansunsu kuma sukan aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon cin mutunci, har hukuma ta kai musu samame a Legas a 2022.

Yanzu ga maganar da ba kowa zai so ji ba. Za ka ji ana cewa ka shuka iri mai tsoka, ko da rance ne, Allah zai share bashin cikin kwana bakwai. Na gaskata da mu'ujiza, gama man nan ya yi ta zuba har tukwane suka ƙare. Amma ka lura, annabin bai karɓi ko ɗigo ɗaya ba. Ya ce ta sayar da man, ta biya bashinta, ita da 'ya'yanta su ci saura. Kuɗin da ka ranto na mai shi ne, ba ka da ikon miƙa shi a bagade. Ka ba Ubangiji daga cikin abin da yake naka, komai ƙanƙantarsa.

Matar nan sai da ta fita ta bi gidajen maƙwabta tana aron tukwane, kowa ya san halin da take ciki. Idan matarka ba ta san da bashin nan ba, ko mijinki bai sani ba, yau da dare a zauna a faɗa. Gara a ji daga bakinka da a ji daga baƙuwar lamba. Sa'an nan ka nemi dattijo ɗaya a ikilisiya mai riƙon asiri, ka nuna masa takardar, ku yi addu'a a kanta, ya riƙa tambayarka kowane wata inda aka kwana.

Ku kuma da Allah ya buɗa wa, ku karanta Nehemiya sura 5. A lokacin yunwa mutane sun jinginar da gonakinsu don hatsi, manyansu suna cin ruwa a kansu, Nehemiya ya tara su ya sa suka mayar. Idan ɗan'uwa ya nuna maka takardarsa, kada labarin ya zama abin roƙon addu'a a taron ranar Laraba ba da yardarsa ba.