Kuɗin Kwasar Shara: Zalunci Ne Ko Hakki?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, jama'a masu karatu, sau da yawa in aka ce wa magidanci ya riƙa biyan wani abu duk wata domin a kwashe masa shara, sai ya ce zakka kaɗai Allah Ya wajabta masa, abin da ya wuce ta kuwa zalunci ne. Ya kamata mu auna wannan magana da ma'aunin shari'a.

A zamanin kakanninmu juji dukiya ne. Toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, manoman kewayen Kano kan zo da jakuna da mangala su kwashe su kai gona a matsayin taki. Jujin yau kuwa leda ce da roba da gwangwani. Ba ya ruɓewa, manomi ba ya murna da shi, akuya ma in ta ci leda sai ta rame. Kwashe shi sai da mota da mai da leburori, kowannensu kuma kuɗi yake ci.

To, wa zai biya? Allah Ya ƙayyade masu cin zakka kashi 8 a cikin Suratut Tauba, kwasar sharar mawadaci ba ta cikinsu. Abin da ake nema a hannun magidanci ladan aiki ne, wato ijara, kamar yadda yake biyan ɗan ga-ruwa ba tare da ya ce an zalunce shi ba. Har ma Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekarar 790 ta Hijira, ya halatta wa shugaba adali ya aza wa masu hali wani abu domin maslahar jama'a idan baitulmali ya gaza.

Sa'an nan mu tuna, sharar da ta fita daga gidanka ba ɓacewa take yi ba, gidan wani take komawa. Ka tura yaro da daddare ya juye ta a kwata, ruwan sama ya zo ya rasa hanya, ya rushe katangar maƙwabcinka, ƙazanta ta malala cikin rijiyarsa. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, jihohin Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, tushenta kuwa gurɓataccen ruwa da abinci. Hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya haramta cutar da wani, a cikin Sahihu Muslim kuma an lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Ina matsayin wanda shi ne yake zuba abin cutarwar?

Amma fa masu ƙin biya suna da hujja guda mai ƙarfi: tsoron a karɓi kuɗi mota ba ta zo ba. Ijara ba ta inganta sai aiki da lada da lokaci sun zama sanannu. Don haka wajibi ne hukuma ko ɗan kwangila su bayyana nawa ne, wace rana za a zo, su ba da rasit. Wanda ya karɓa bai kwashe ba, haram ya ci. Kada kuma a daidaita mai gidan bene da gwauruwa mai riƙon marayu. Masu hali na unguwa su ɗauke mata, sadaka ce.

Mu da muke wanke tufa saboda ɗigon najasa kafin mu yi salla, bai dace mu tsallake juji a ƙofar masallaci muna ƙyashin kuɗin kwashe shi ba.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da unguwanninmu, amin. Allah ne Mafi sani.