Wa ya tura Sumayya rijiya?

Littafi ba ya tsufa kamar mai karatunsa. Shafi na nan yadda aka buga shi, idon da ke dubansa ne ke sakewa. To, in labarin da ya sa mu kuka muna ’yan shekara goma sha biyar ya dawo yana sa mu fushi, wane karatu ne na gaskiya?

Mu ɗauki In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a Kano a 1991. Ya girme mu duka. Irinsa ta Katsina da Jibiya suke shigowa Maraɗi, daga nan su bazu har Gazawa da Gidan Rumji, hannu zuwa hannu, bango ya yage, wani sa’in ma shafin ƙarshe ya ɓata. A kwaleji abin da muke gani shi ne Sumayya ’yar masu hali tana son Yasir talaka, an ce sai ta auri Abdulƙadir mai kuɗi, ita ko ta faɗa rijiya. Mukan ce: kai, wannan shi ne so!

Yau in mun kai wurin nan, tambaya ce ke tsayar da mu. Yaya aka yi yarinya ta rasa mai jin maganarta a gidansu sai rijiya?

Ɗalibin harshe zai lura da wani ɗan abu a bakinmu na kullum. Mukan ce an ba da ita, an sa mata rana, an aurar da ita. Wannan “an” ba ya da fuska. Yana nuna an yi aiki, ya ɓoye wanda ya yi shi, yarinyar kuwa kullum ita ake yi wa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa a Nijar mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin shekara 18, jihar Maraɗi kuma ta wuce haka. Ke nan ’yan ajinmu da aka cire daga lakwal suna cikin wannan “an” ɗin, lokacin da mu muke ta hawaye kan ta cikin takarda.

Amma kada mu raina karatun ƙuruciya. Shi ya fara sanya mu a gefen yarinya, a gari inda ake ɗaukar shirunta a matsayin yarda. Wanda bai taɓa jin zafin Sumayya ba, ƙididdiga ba za ta motsa shi ba, wallahi.

Duka biyun gaskiya ne, sai dai na biyu ya zo da nauyi. Mu ne yayye yanzu, gobe mu ne iyaye. Ranar da aka zauna a zaure kan maganar ƙanwarka aka ce “an gama magana”, ka tambaya: wa ya gama? Sannan ka shiga ciki ka ji ta bakinta.