Tsadar Rayuwa: Ƙaddara ce ko Alhakin Wani?

Babu Musulmin da ke jayayya cewa arziki da rashi a hannun Allah suke. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda “haka Allah Ya so” ta zama mafakar kowa, daga mai mulki har zuwa mai rumbun hatsi, alhali yunwar da ke gidajenmu tana da sanadi, sanadin kuma yana da masu shi.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan. A watan Yuni aka sakar wa kasuwa darajar naira, ta faɗi warwas. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka a Jibiya da Illela da Maigatari har zuwa Maris na 2024. Dabbobi da wake suka daina shigowa, kayan masarufi suka daina fita, Bakatsine da mutumin Maraɗi suka ji a jikinsu tare. Ga kuma ’yan bindiga sun raba manoman Zamfara da gonakinsu. Duk wannan hannun ɗan Adam ne ya yi shi.

Mai shagon unguwarmu ba ya sauraron alƙaluman gwamnati, littafin bashinsa ya ishe shi labari. Matar da a da take aiko a auna mata kwano biyu na shinkafa, yanzu gwangwani biyu take aike, da man gyaɗa na naira ɗari a ƙulle a leda. Magidanci kan bari sai bayan Isha, an watse, ya raɓo ya ce, “Alhaji, a ƙara mini haƙuri zuwa ƙarshen wata.” Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, buhun shinkafa ya riga ya tsere masa. A Kano, afafata, tarkacen shinkafar da a baya kifi ake zuba wa, ta shiga tukunyar iyali.

Wasu kan kawo hadisin Anas: kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, ya ƙi, ya nuna cewa Allah ne mai tsadarwa da arahantarwa. Gaskiya ne. Amma shi ɗin dai ya kira mai ɓoye abinci mai saɓo, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ibnu Taimiyya, a littafinsa na Hisba, ya raba lamarin gida biyu: in tsada ta zo daga ƙarancin kaya ko yawan masu nema, daga Allah ne, in kuwa ’yan kasuwa ne suka ƙi sayarwa jama’a na cikin matsi, wajibi ne hukuma ta tilasta musu.

Sayyidina Umar ya fi mu sanin ƙaddara. Amma da fari ya auka wa Hijaz a shekara ta 18 bayan Hijira, bai hau mumbari ya ce a yi haƙuri ya koma gida ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa, har da Amru ɗan Asi, su aiko da abinci, ya kafa tukwane yana ciyar da jama’a, ya haramta wa kansa nama da man shanu har fatarsa ta sauya.

Saboda haka nake ganin “haka Allah Ya so” ibada ce a bakin wanda ya kwana da yunwa bai yi sata ba. A bakin wanda ya sa hannu a kan doka, ko ya kulle sito yana jiran farashi ya hau, ko ya girbe buhu ɗari bai fitar da goman zakka ba, ba ta kare shi gobe ƙiyama.

Malamanmu, talaka ya sha wa’azin haƙuri, kuma ya yi. Lokaci ya yi da za a juya ga masu mulki da masu hali, a karanta musu babin adalci da amana, a gabansu, ba tare da tsoro ba.