Begen Kwanakin Makaranta: Gaskiya Yake Faɗa Mana?

Duk sa'ad da tsofaffin 'yan makaranta suka haɗu, a wurin biki ko a wurin makoki, hira ba ta daɗewa sai ta koma baya. Wani ya tuno da ƙarfen da ake bugawa a gindin darbejiya, wani ya tuno da Magana Jari Ce, kwafi guda da yake zagaya aji har bangonsa ya fita. Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980 mun san wannan hira, mun kuma san inda take ƙarewa: wai jiya ta fi yau. To, wannan bege gaskiya yake faɗa mana, ko ruɗinmu yake yi?

Waliyyi Agustin, wanda aka haifa a Tagaste ta ƙasar Aljeriya ta yanzu a shekara ta 354, ya waiwayi ƙuruciyarsa ba tare da ya shafa mata zuma ba. Ya tuna dukan da ya sha a makaranta, da yadda yake roƙon Allah kada a doke shi, iyayensa kuwa suna yi wa abin dariya. Ya tuna hawayen da ya zubar saboda Dido, sarauniyar cikin labari, alhali bai yi wa ransa kuka ba. Mu kam tunaninmu rariya ne. Yana riƙe daɗin tatsuniya, ya zubar da bulala, ya zubar da yaron da aka kora don rashin kuɗin makaranta, da yarinyar da aka cire daga aji aka aurar. Haka Isra'ilawa a jeji suka yi marmarin kifi da albasa da tafarnuwa na Masar, suka manta da tubalin da suka buga a cikin bauta.

Duk da haka ba za mu yar da begen nan ba. A littafin Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku yana ta ba ɗan sarki labari dare bayan dare domin ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. Labarin da ya tsare mutum yakan cece shi. Akwai abin da tunanin makaranta ya tsare mana wanda, in ba dominsa ba, da ya salwanta.

Abin kuwa shi ne benci. A kansa muka zauna da 'ya'yan Musulmi, muka ari fensir ɗin juna, suka kawo mana naman Sallah, muka kai musu shinkafar Kirsimeti. Ba wanda ya kira wannan da sunan tattaunawar addinai. Zama ne kawai. Bayan rikicin watan Fabrairu na shekara ta 2000, birnin Kaduna ya rabu, galibin Kirista suka koma kudancin kogi, galibin Musulmi suka tattaru a arewa. Yaro a yau yana iya gama makaranta bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da ɗan wani addini ba, har ya ɗauka haka duniya take tun fil azal. Mu ne shaidun cewa ba haka take ba, shaida kuwa in ya yi shiru ya ci amanar abin da ya gani.

A nan ne nauyin yake kanmu. Muna da zaurukan tsofaffin ɗalibai a WhatsApp, muna aika wa juna tsofaffin hotuna, muna kiran juna da laƙabin ƙuruciya. Wannan ba ya cin kuɗin mota, ba ya kuma bukatar ƙarfin hali. Amma ranar da aka sanar cewa mahaifiyar abokin bencinmu ta rasu a can ƙetaren gada, matar da ta sha zuba mana fura, yawancinmu saƙon ta'aziyya muka rubuta, muka ajiye waya.