Fasali a kan ƙana'a da tsaron rumbu

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya kai muridi, ka sani bashi ɓarawon wuridi ne. Na ga ɗan'uwa zaune cikin da'ira, carbi a hannu, harshe yana hailala, zuciya tana ƙidayar mudun geron da ake bin sa. Asalin abin tun kaka ne. Ya fasa rumbu ya sayar da hatsi da araha don shagalin suna, ya yanka raguna 2, ya sallami maroƙa. Da marka ta sauka, ya koma yana auno da tsada.

Alhali a mazhabar Imamu Malik tunkiya 1 ta wadatar ran suna, namiji aka haifa ko mace. Wanda bai samu iko ba, babu zunubi a kansa.

In ka ɗaure dammunanka, fid da ushiri idan sun kai nisabi, sa'an nan ka ƙiyasta cin iyalinka har sabon gero, ka liƙe rumbu. Riga in ta kece, ɗinke ta, tsarki ake bida ga tufar salla. Goro ma a rage, ko da yake ni mai faɗa shi ya fi mini wuya.

Allah ne Masani.