Ƙaddara da Sababi a Cikin Jan Jini

Tsohuwar mas'alar nan ta malaman tauhidi, wato yadda ƙaddarar Allah take haɗuwa da sabubban da ɗan Adam yake iya ganowa, ta sake tasowa a ƙasar Katagum ta wata ƙofa da magabata ba su san ta ba, ƙofar ɗakin gwajin jini. A Shira da Yana da Azare, kamar sauran garuruwan Arewa, idan aka nemi saurayi da budurwa su yi gwajin jinotayif kafin a sa rana, wato gwajin da yake nuna irin jinin da kowannensu ya gada daga iyayensa, akan sami dattijan da suke ganin hakan shisshigi ne cikin abin da alƙalami ya riga ya rubuta, tun da haihuwa da lafiya da ajali duk a hannun Allah suke. Maganar tasu ta fito ne daga imani, saboda haka ta cancanci amsa ta ilimi, kuma amsar tana buƙatar a fara sanin abin da yake faruwa a cikin jinin kansa.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, ƙananan ɗakuna masu rai waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma, kuma daga cikinsu akwai jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne ɗauko iskar oksijin daga huhu su rarraba ta ga gaɓoɓi. Abin da yake riƙe iskar a cikinsu wani furotin ne mai suna himogulobin, shi kuwa furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, masu iri 20, waɗanda jerinsu ne yake ba kowane furotin siffarsa da aikinsa. Himogulobin na babban mutum yana da sarƙoƙi huɗu, biyu ana ce musu alfa, biyu kuma beta, kuma kowace sarƙar beta tana da amino asid 146. A jinin mai cutar sikila, wadda wasu suke kira amosanin jini, guda 145 suna nan daidai, na shida kaɗai ne ya canja: inda ya kamata a sami gulutamik asid, mai shiri da ruwa, sai aka sami balin, wanda ba ya shiri da ruwa. Da zarar himogulobin ya sauke iskar da ya ɗauko, wannan wuri yakan manne wa maƙwabcinsa, su yi ta haɗuwa har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da suke lanƙwasa ƙwayar ta koma siffar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. Daga nan ne ciwon ƙashi mai tsanani yake fitowa, da ƙarancin jini, da rawayar ido, da kumburin hannu da ƙafa ga jarirai, abin da yakan tsananta da sanyin hunturu ko zazzaɓi ko ƙishirwa.

Likita James Herrick ne ya fara bayyana siffar waɗannan ƙwayoyi a Shikago ta Amurka a 1910, Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa matsalar a himogulobin take, sannan Vernon Ingram ya gano ainihin amino asid ɗin a Kambirij ta Ingila a 1957. Tushen canjin kuwa harafi ɗaya ne a cikin DNA, sinadarin da yake ɗauke da bayanin gado, kuma kowane ɗa yana karɓar kwafi ɗaya na wannan bayani daga uba, ɗaya daga uwa. Idan iyaye biyu duk AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da kwafin sikila ɗaya ba tare da ya yi ciwon ba, to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai kwafin sikila biyu, wanda shi ne mai ciwon. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Nijeriya AS ne, kuma ana ƙiyasta haihuwar jarirai masu sikila kimanin 150,000 a ƙasar kowace shekara.

Wannan bayani bai saɓa wa aƙidar da ake karantarwa a zaurukan malaman Katagum ba. Littattafan tauhidi na Shehu Sanusi, malamin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, sun bambanta hukuncin hankali da na shari'a da na al'ada, kuma na ƙarshen shi ne alaƙar da ake gani tana maimaituwa tsakanin abu da abu, kamar wuta da ƙuna, ba tare da abu na farko yana da ikon kansa ba, domin Allah ne yake halittar sababin da abin da ya biyo shi. Mannewar himogulobin tana cikin wannan babi, al'ada ce da Allah ya gudanar a cikin halittarsa, kuma saninta bai fitar da ita daga mulkinsa ba, kamar yadda manomin Shira da ya san gero ba ya tsira sai da ruwa bai zama mai musun ƙaddara ba don ya jira damina. Akwai ma abin lura a cikin kwafin sikilar kansa, domin Anthony Allison ya nuna a 1954, bayan bincike a Gabashin Afirka, cewa yaran AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ya sa gadon ya yawaita a ƙasashen da sauro ya yi ƙarfi. Abin da yake kariya a kwafi ɗaya shi ne yake zama jarrabawa a kwafi biyu, kuma wannan ya isa ya sa mai hankali ya rage gaggawar yanke hukunci a kan hikimar halitta.

Batun aiki da sani kuwa sahabbai sun riga sun warware shi. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar komawa Madina, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, kuma makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe bai fita daga hukuncin Allah ba. Masoya biyu AS da suka haƙura da juna bayan gwaji suna kan wannan tafarki. Gwajin bai bayyana gaibu ba, domin ba ya iya faɗin wane ciki ne zai zo da SS, iyakarsa ya nuna girman haɗarin, sauran kuwa yana wurin Allah. Amma wanda aka nuna wa haɗarin ya ɗauki nauyin da wanda bai sani ba bai ɗauka ba, kuma 'ya'yan da za su kwana suna kukan ciwon ƙashi suna da haƙƙi a kansa tun kafin a haife su.

Wani alherin wannan ilimi, wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne adalci ga mata. An daɗe ana kiran matar da 'ya'yanta suke mutuwa a jere mai wabi, ana zargin nononta ko maita ko iska, wani lokaci har a sake ta, alhali ba a haifar SS sai uba ya ba da nasa kwafin daidai da yadda uwa ta ba da nata. Haka kuma bai halatta gwajin ya zama dalilin wulaƙanta masu sikila ba, domin canjin amino asid ɗaya bai rage komai daga karamcin da Allah ya yi wa ɗan Adam ba, kuma da kulawa da magunguna irin su haidiroksiyuriya da yawa daga cikinsu suna girma su yi karatu su yi aure.

Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024, Azare kuma tana da babban asibitin tarayya da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya wadda aka kafa a 2021, saboda haka wurin gwaji bai yi wa mutanen Shira nisa ba. Abin da ya rage yana hannun limamai da waliyyai: su nemi a yi gwajin tun farkon neman aure, kafin a kai kuɗi kuma kafin zukata su shaƙu, domin sakamakon da ya zo ana saura mako guda biki shi ne wanda ake ɓoyewa ko a yi watsi da shi.